Tsarabar Italiya

Duk wanda ya tashi a Panshekara ya san warin kamfanonin fata na Challawa, amma mu a gidanmu warin da ƙafafunsa yake shigowa. In Baba ya taso daga kamfanin fata, tun yana zaure ake sanin ya iso. Inna ta ware masa bokitinsa daban, sabulunsa daban, har igiyar shanyar kakinsa tana can bayan ɗaki ita kaɗai, amma duk a banza, warin ya riga ya kama jikinsa. Muna yara in muka toshe hanci sai ya ce, "Ku yi ta toshewa, shi ne dai yake sa tukunyarku tafasa." Allah ya jiƙan Baba. Ya shiga aikin nan yana saurayi, bai bari ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa.

Babu sashen da bai zauna ba a kamfanin. Ya yi wajen gishiri, ya yi wajen manyan durom ɗin da ake juya fata da sinadari, a ƙarshe aka mai da shi inda ake jera fatun awaki da na tumaki, a ɗaure su, a loda a kwantena. Tirela ta ja zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya wuce da su Italiya. Iyakar abin da Baba ya sani ke nan. Fata tana barin hannunsa shuɗiya-shuɗiya da danshinta, ba ta zama komai ba tukuna. In Turawan da suke sayen kayan suka zo zagaye, shi ba fuskarsu yake kallo ba, takalmansu yake satar kallo. Ya sha faɗa a tsakar gida, yana wanke hannu bayan tuwo, cewa shi da zai samu ya tsaya a bayan mutumin da yake yanka fatar nan yana ɗinkawa, ya ga irin hannun da take faɗawa, da ya huta. Ba Makka ba ce, ya je Makka da kuɗin sallamarsa. Wannan wani ɗan buri ne na gefe, kuma kowa a gidan ya san da shi.

Ni ne ɗan fari. Ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, inda muke buga buta da bokiti da kujeru. A wajen aiki an san ni da saurin hawa, ko manaja in ya kawo mini raini ba na bari ta kwana. Amma gaban Baba bakina mutuwa yake yi. Bai taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" yake cewa, ni kuma ban taɓa haɗa ido da shi muna magana ba. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar, haka muka zauna. In akwai maganar da take bukatar a ja da Baba, autarmu ake turawa. Ita ko gemunsa ta ja, dariya zai yi.

Ƙanena da yake bi na shi ne ya fita waje. Girki ya koya, ya yi aiki a wani otal a Legas, daga nan aka ɗauke shi kicin ɗin wani katafaren jirgin ruwa, irin wanda masu hali suke hawa ba don za su wani wuri ba, sai don yawo kawai. Jirgi ya kwana yana tafiya, da safe ya tsaya a wani gari, mutane su sauka su sha iska, da yamma su dawo a ƙara gaba. Da ya daɗe, kamfanin ya ba shi damar kawo iyalinsa a farashi mai rangwame. Yaron nan ya ƙuntata wa kansa, ya biya mana jirgin sama, ya yi ta faman biza har aka dace. Mu huɗu ne: Baba, Inna, ni da auta. Ya gaya mana gaskiya tun farko cewa ci da sha da wurin kwana duk suna cikin jirgi, amma abin da za mu kashe in mun sauka ƙasa, wannan mu nemo, shi ya ƙare tas.

A waya ya gaya wa Baba cewa ɗaya daga cikin garuruwan da za a tsaya a Italiya yake, kuma daga tashar akwai motar da take kai mutane birnin dukawansu, inda ake ɗinka jakunkuna da takalma. Ina zaune a gefe. Baba ya gama saurare ya ce, "To." Washegari na tarar ya fito da takalmin Sallarsa yana gogewa da kansa.

Da labari ya bazu, gida ya cika da 'yan sallama. Ka san halinmu, ba a zuwa wa matafiyi hannu biyu. Wata ta kawo dambun nama, wata ƙuli-ƙuli, wata ta danƙa wa Inna 'yan canji a gefen zani ta ce a sha ruwa a hanya. Inna tana godiya tana haddace fuskoki, don duk wanda ya ba ka guzuri ya shiga layin tsaraba, ko bai ce ba. Ana saura kwana kaɗan sai ga 'yan majalisar Baba, tsofaffin abokan aikinsa da suke haɗuwa wajen wani mai shayi kusa da ƙofar kamfanin. Babbansu wani Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, wanda suka yi shekaru da Baba a kan durom ɗaya. Kawu muke ce masa, don tun muna yara shi yake kawo mana doya in ya je gida Kirsimeti. Kawu ya ciro wani ƙulli a baƙar leda ya ajiye a gaban Baba.

"Malam, ga guzuri daga 'yan majalisa. Babu yawa."

Baba ya ce, "Haba, ku da kuke fama da kanku?"

"Karɓi dai. Allah ya kai ku lafiya."

Bai ƙara komai a kai ba. Na san mutanen nan, wasu gadi suke yi yanzu, wasu 'ya'ya ne suke riƙe da su. Da muka haɗa nasu da na maƙwabta da abin da na tara na aikin kwana, muka kai wa masu canjin kuɗi a Wapa aka canza, sai ga 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Ni aka ba wa riƙo.

Ba zan tsaya ba da labarin jirgin ba, don in na fara sai a ce ƙari nake yi. Unguwa guda ce a kan ruwa. Inna ta yi kwana biyu ba ta yarda ta leƙa taga ba, auta kuwa ta cika wayarta da hotuna tun ranar farko. Garuruwan farko da aka tsaya ba mu kashe ko sisi ba. Mukan sauka mu taka da ƙafa, mu kalli gine-gine, mu zauna a lambu, mu dawo jirgi mu ci abincin rana tunda an riga an biya. Ni har alfahari nake yi da iya tattalina. A raina duk tanadin ranar Italiya nake yi.

Ana gobe za mu isa, bayan la'asar, ƙanena ya samu ɗan hutu ya same mu a saman jirgi da farar rigarsa ta kicin. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce hanya uku ce. Akwai bas ta jirgi, mai ɗan rakiya, ita ce take zuwa birnin dukawa, har a shiga da mutane wani shago su ga yadda ake yanka fata ana ɗinki, kuma ko ta makara jirgi zai jira ta. Da ya faɗi kuɗin mutum ɗaya, Inna ta ce, "Innalillahi! Motar ce za a bar mana?" Akwai jirgin ƙasa, shi da arha, amma mutum shi zai kai kansa ya dawo da kansa, in ya makara kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Shi ba zai iya raka mu ba, yana aiki ranar. Sai ta ukun, motar kyauta da take kai mutane tsakiyar garin da tashar take, akwai kasuwa, akwai tsohuwar ganuwa, a zaga a dawo.

Na riga na yi lissafina. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, ni a ganina ku hau bas ɗin nan, in raka ku. Inna da auta su zaga gari. Abin da ya rage a sayi alewa da cakulan a raba wa mutane."

Inna ta juyo gaba ɗaya. "Alewa? Mu zo har ƙasar Turawa mu koma wa mutane da alewa, ga kamfanoninta can birjik a Bompai? So kake a yi da mu a unguwa?"

Auta ta ce, "To a yi da mu mana, Inna. Kwana nawa za a yi ana yi? Baba, wallahi ku je. Don wannan fa kuka goge takalmi."

Baba ya yi murmushi, ya ce da ita ta bari. Ya tambayi ƙanena, in mutum biyu suka hau, me zai rage. Ƙanena ya gaya masa. Abin da zai rage ba zai sayi mayafi uku ba. Ya ce shi kaɗai fa? Muka haɗa baki muka ce ba zai yiwu ba, ga gwiwa, ga shi ba ya jin Turanci. Ƙanena ya ce bari ya nemi rance wajen wani abokin aikinsa, Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce ai yaron ya riga ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ma, kada ya kuskura.

Na ce, "To mu bi jirgin ƙasa, Baba. Ina da baki, zan yi tambaya."

"In muka ɓata, jirgi ya tashi ya bar mu, wa za a tuhuma? Ba yaron nan ba? Ka so a kore shi saboda kallo?"

Ya murza gwiwarsa. Can ya ce, "Mutanen nan ba su da shi suka ba mu. Ba zan shiga Panshekara hannu rabbana in ce musu na je kallo da kuɗinsu ba. Da wane ido zan dube su? A yi tsaraba. Kowa ya samu abin da zai riƙe ya ce daga can ne."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗaga teburin in wurga a teku. Magana ta cika mini baki. Ina so in ce, Baba, wane ne zai mutu don bai samu mariƙin makulli ba? Ina so in ce shekara nawa kuna shaƙar sinadari, ba ku cancanci yini ɗaya ba? Da manajanmu ne da ya ji ta. Amma Baba ne, ya kuma yanke. Na ce, "To, Baba." Na tashi na je na kama ƙarfen bakin jirgi ina kallon ruwa, auta ta biyo ni tana ce mini matsoraci. Na ce ta tafi ta ba ni wuri, ita da ba a jin kunyarta me ta iya?

Da safe muka sauko. Bas-bas ɗin suna jere a bakin tasha, manya masu sheƙi, 'yan rakiya suna ɗaga alluna, fasinjoji da 'yar takarda liƙe a ƙirji suna hawa. Dole ta gabansu za mu wuce kafin mu kai wajen motar kyauta. Baba yana sanye da farar shaddarsa da takalmin nan da ya goge. Bai kalli bas ɗin ba ko sau ɗaya, sai ma ya ƙara sauri, har sandarsa tana ƙwanƙwasa ƙasa.

Gaskiya Inna ta ji daɗin ranar, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganinta haka ba. Matar da take tsoron taga sai ga ta a kasuwar Turawa tana ciniki da yatsu. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ta kama haɓa ta ce, "Kai, ji tsoron Allah!" da Hausa, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta. Ta sayi mayafai, ta sayi ƙananan kwalaben turare, da hulunan sanyi, da tarin mariƙin makulli masu hoton wata hasumiya da ba mu ma gan ta ba. Kowane ta ɗauka sai ta ambaci mai shi: wannan na mai ɗakin gidan famfo, wannan na matar liman, waɗannan na 'yan majalisa. Ni ina biya ina huci. Na juya wani mayafi na ga rubutun ƙasan, na ce, "Inna, wannan fa ɗan China ne, akwai shi a kasuwar Kwari." Ta fizge ta ce, "Na Kwari ya hau jirgin ruwa?"

A bakin wata gada muka tarar da wasu baƙaƙen fata 'yan Senegal sun shimfiɗa jakunkunan mata a ƙasa. Da suka ga hular Baba suka yi mana sallama, muka amsa, aka yi ta murna kamar an san juna. Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki wata jaka, ya murza ta, ya kai hanci. Ya ajiye ta a hankali, ya ɗan juyo wajena ya ce, "Kai wannan, irin taku ce." Roba ce. Na yi dariyar da ban shirya ba, shi ma ya yi. Duk garin nan akwai shagunan fata na gaske, muna ganinsu ta gilashi, amma Baba ya ƙi shiga. Ya ce ba a shiga shagon mutum a tattaɓa masa kaya alhali an san ba saye za a yi ba.

Wajen azahar gwiwarsa ta gaza. Muka samu wani benci a kan tudu, Inna da auta suka koma neman abin da za a ba jikoki, ni na zauna da shi. Daga nan ana hango ɗaya ɓangaren tashar, inda ake sauke kaya. Kwantenoni ne jibge a kan juna, ja da shuɗi da kore, injin ɗaga kaya yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa tireloli. Baba ya dafa sandarsa da hannu biyu ya zuba musu ido.

"Nan suke sauka ke nan," in ji shi.

Na ce, "Nan ne, Baba."

Wata tirela ta fito daga ƙofar tashar da jar kwantena, ta yi kwana, ta hau wani babban titi da ya miƙe ya bar teku a baya. Baba ya bi ta da kallo, har da ɗaga wuya, sai da ta shige bayan wasu gine-gine.

"Garin nasu, nisansa kamar daga ina zuwa ina?"

"An ce kamar daga Kano zuwa Dutse."

"Ashe kusa ne."

Nan zuciyata ta karye. Na ce, "Baba, tashar jirgin ƙasa ba nisa. Ko yanzu muka tashi..." Ban ƙarasa ba, don ni ma na san zancen banza nake yi. Rana ta yi, kuɗin kuma suna cikin ledojin da ke gaban ƙafarmu. Ya nuna su da sanda. Muka yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a gefen wata bishiya, mutane suna wucewa suna kallonmu. Da su Inna suka dawo ta kwance burodi da dafaffen ƙwai da ta naɗo daga jirgi a cikin tishu, muka ci a kan bencin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da yamma ya faru. Mun dawo jirgi daidai lokacin da bas-bas ɗin suke sauke mutane, kowa da jakar takarda a hannu. Muka shiga lif tare da wata tsohuwar Baturiya. Ta rataya sabuwar jaka ruwan ƙasa, ko takardar farashin ba ta cire ba. Kafin ƙofa ta rufe ƙanshin fata ya cika wurin, fata ta gaske, gamammiya. Jakar tana daidai gwiwar hannun Baba. Na ga hannunsa ya taso daga kan sanda, yatsunsa sun buɗe, ya kusa kai wa, sai ya mai da shi ya cusa a aljihu. Auta ta raɗa masa, "Baba, in roƙe ta ku taɓa?" Ya girgiza kai. Matar ta yi mana murmushi ta fita a hawa na gaba, ba ta san komai ba.

Mun dawo Kano lafiya. Kwana biyu gidanmu kamar gidan biki. Inna ta baje kaya a kan tabarma tana rabo, mata suna guɗa, kowa yana cewa an gode, Allah ya maimaita. Ba wanda aka manta, ko almakashin da ta yi wa mai kitsonta alkawari ta kawo. Ta fita kunya, kuma ba na ganin laifinta, ita ce za ta zauna da matan unguwa, ba ni ba. Ƙanena bai ƙara shekara a jirgin ba ya samu aiki a ƙasa, damar ta tafi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya ce in ɗauko ledar 'yan majalisa in raka shi. Muka hau adaidaita zuwa Challawa. Suna nan a kan bencinsu a gindin bangon kamfanin, mai shayi yana ta fifita wuta, tireloli suna wucewa. Suka tashi da ihu, "Mutanen Italiya! Malam ya zama Bature!" Aka matsa masa wuri, aka sa masa shayi mai kauri. Ni na tsuguna a gefe ina miƙo kaya, Baba yana rabawa, kowa hular sanyi da turare da mariƙin makulli. Suka yi ta godiya, wani tsoho mutumin Nijar har ya kafa hularsa a cikin zafin nan ana yi masa dariya.

Kawu ya karɓi nasa ya ajiye a cinya, ko dubawa bai yi ba. Ya gyara zama ya ce, "To, Malam, mun gode. Yanzu ba mu labari. Yaya suke yi da ita? Da hannu suke yankawa ko da inji?"

Duk suka zuba masa ido. Mai shayi ma ya dakata da fifita.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ban je ba."

"Ba ka je ina ba?"

"Garin dukawan. Motar da tsada. Muka ga gara a yi muku tsaraba."

Kawu ya dube shi, ya dubi abin da ke cinyarsa. Ya ɗaga mariƙin makullin da yatsa biyu. "Wannan? Haba Malam! Haba Malam! Ni da ko ƙofar ɗakina da ƙusa nake saƙale ta? Mu fa haɗawa muka yi don mutum ɗaya a cikinmu ya je ya gani da idonsa. Tun ranar da ka ce jirgin zai tsaya a can muke zancen nan a wurin nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta da kunya, na manta a gaban wa nake. Na ce, "To Kawu, don Allah me ya hana ku faɗa? Kalma ɗaya fa! Da kun ce na mota ne, wallahi da ko a kafaɗa sai na kai shi!"

Kawu ya ce, "Kai yaro, zauna. Ana ba babba guzuri a gaya masa abin da zai yi da shi? Mun ɗauka ya sani."

Baba ya ce a hankali, "Ni kuma na ɗauka kunya za ku ji ku tambayi tsaraba."

Mutumin Nijar ya cire hular ya riƙe a hannu. Na kalli Baba, karo na farko a rayuwata na kalle shi sosai a fuska. Har yau in na tuna sai in ji haushin kowa, haushin Kawu, da na Baba, da nawa, mutane sun yi shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya amma an rasa mai buɗe baki ya faɗi magana ɗaya.

Can Kawu ya share fuska da tafin hannu ya ce, "To, ka dai ga inda ake sauke su?"

"Na gani."

"Da idonka?"

"Da idona. Har hanyar da tirela take bi in ta fito."

"To faɗa mana wannan ɗin."

Suka jawo benci suka matso, tsofaffi shida ko bakwai, har da mai shayi. Baba ya ɗauki sandarsa ya fara zana musu a ƙasa, nan teku, nan ƙofar tasha, nan tirela take yin kwana. Ya ja layin titin a hankali har sandar ta kai iyakar inda hannunsa zai iya miƙawa, ya tsaya.

Kawu ya ce, "Daga nan fa?"

Baba ya ce, "Daga nan gini ya tare ni."